Tururin fenti, tina da gam a wurin aiki: jagora ga masu gini da masu sana'a a Damagaram

Warin da ke tashi idan an buɗe gwangwanin fentin mai, ko galan ɗin tina, ko gam ɗin manna fata da katako, ruwan sinadari ne yake komawa tururi yana shiga iska. A takardun Faransanci ana taƙaita sunan irin waɗannan sinadarai masu saurin tashi da COV, a na Ingilishi kuma VOC. Aikinsu shi ne su riƙe fenti ko gam da ruwansa har a shafa, daga nan su ƙafe. A ɗakin da aka rufe tagoginsa, idan sun ƙafe cikin huhun mai aikin suke shiga, daga huhu su wuce jini cikin 'yan mintoci, daga jini su kai ƙwaƙwalwa da hanta da ɓargo, domin sinadarai ne masu narkewa cikin kitse.

Abin ya shafi masu fentin gini, masu feshin mota a gareji, kafintoci, masu haɗa bututun ruwa, masu shafa kwalta a rufin dakali, dukawa da masu gyaran takalma, makanikai, da 'yan ruwa-ruwa masu ɗura fetur a kwalba. Ma'aikatan matatar mai ta SORAZ, wadda ta fara aiki a 2011, su ma suna mu'amala da irinsu, amma wannan jagora ta fi nufin shago da shantiye, inda babu na'urar auna iska, sai ido da hanci da hankalin maigida. An jera matakan bisa muhimmancinsu. Takunkumi ya zo can ƙasa da gangan, domin shi ne abin da mutane suke fara saya, kuma shi ne mafi raunin kariya idan an tsallake na gabansa.

Mataki na farko: san abin da ke cikin gwangwanin

Kafin a buɗe, a juya gwangwanin a duba bayansa. Akwai alamomi cikin jan murabba'i da aka tsayar a kan kusurwarsa. Harshen wuta yana nufin yana kamawa. Hoton mutum da tauraro a ƙirji shi ne mafi nauyi ga mai sana'a, domin yana nufin cuta mai daɗewa: ciwon daji, asma, lalacewar jijiya, ko illa ga ɗan tayi. Ƙarƙashinsu, a wasu gwangwanaye, akwai lambobi masu farawa da H, kuma iri ɗaya ne ko da wane harshe aka rubuta takardar. H225 da H226 na kamawar wuta ne. H336 jiri da barci. H304 yana nufin idan an haɗiye ya faɗa huhu zai iya kisa. H350 ciwon daji, H334 asma, H361 illa ga ciki ko haihuwa. Wanda bai iya karatun boko ba zai iya haddace waɗannan lambobi kamar yadda yake haddace lambar waya.

Sunayen da ya kamata a nema kaɗan ne. Toluwin da zailin, waɗanda ake rubutawa toluène da xylène, su ne jigon yawancin tina da fentin mota. Suna kawo ciwon kai da jiri, kuma toluwin yana ƙara ɓata ji idan ya haɗu da ƙarar injin gurza ƙarfe ko kwamfuresa. Heksan yana cikin wasu gam na takalma da na katako, kuma jijiyoyin ƙafa da hannu yake ci. Metanol yana shiga tina mai arha, yana iya makantarwa. Benzin, wato benzène, yana cikin fetur, kuma an tabbatar yana haddasa ciwon dajin jini. Fomaldehid yana fita daga filawud da falankin garin katako da aka matse, musamman idan ana yanka su. Sitirin shi ne warin mastik ɗin cike lotsewar mota. Fentin mota mai haɗi biyu, wanda ake zuba wa ruwan busarwa, yana da isosiyanet, kuma shi ne kan gaba wajen jawo wa masu feshi asma.

Akwai guda ɗaya da ya kamata a raba gari da shi: dikulorometan, dichlorométhane, wanda ke cikin wasu ruwan kankare tsohon fenti. Yana tafasa a digiri 40, wato a zafin azahar na Afrilu da Mayu a Damagaram ko a inuwa. Idan ya shiga jiki hanta tana mayar da wani kasonsa iskar nan mai guba da gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki. Amurka ta hana sayar da shi ga jama'a a matsayin abin kankare fenti tun 2019, ƙasashen Turai sun riga ta. A kankare da ƙarfe da takardar gurza, ana jiƙa wurin da ruwa don ƙura.

Matsalar kasuwa ita ce yawancin tina ana auna shi ne a robar ruwa ko kwalbar da ba rubutu. A nemi mai shago ya nuna duro ko galan na asali, a ɗauki hoton takardarsa da waya. A babban aiki, ɗan kwangila yana da ikon neman takardar bayanin haɗari da ake kira FDS. Sassa 16 gare ta, amma huɗu sun isa: na 2 haɗari, na 3 abin da ke ciki, na 4 taimakon gaggawa, na 8 irin kariya. Abin da aka rasa asalinsa, a ɗauke shi a matsayin mafi muni.

Ɗan lissafi kafin a ci gaba

Ana auna tururi a iska da kashi cikin miliyan, ana rubuta shi ppm. Iyakar da ƙasashen Turai suka sa wa toluwin ita ce 50 a aikin awa 8. A ɗauki ɗaki mai mita 4 a faɗi, 4 a tsawo, 3 a tsayi, wato mita kubik 48. Lita ɗaya ta toluwin idan ta ƙafe duka tana ba da tururi kimanin lita 230. A wannan ɗaki a rufe, ya kai 4,800, kusan ninki ɗari na iyaka, kuma kusan ninki goma na 500 da ake ɗauka a matsayin haɗari ga rai nan take. Babban cokali ɗaya kawai, mililita 15, yana kai ɗakin 70 da 'yan kai. Lita biyu da rabi kuwa ta haura kashi 1.1 cikin 100 na iskar ɗakin, inda tartsatsi ɗaya zai tayar da ɗakin.

Sai zafi. Ƙarfin tashin toluwin a digiri 40 ya kusa ninka na digiri 20 sau uku. Umarnin da ke jikin gwangwanin da aka yi a ƙasashen sanyi bai yi lissafi da ɗaki mai rufin kwano a Sabon Gari ko Garin Malam da ƙarfe biyu na rana ba. Zafin yana kuma busar da fenti a kan buroshi, sai mai aiki ya yi ta ƙara tina don ya samu ya ja, tururi ya ƙaru. Da hunturu kuma wata matsalar ce: ana rufe ƙofa da taga don kada ƙura ta zauna a kan ɗanyen fenti, a kulle kai da tururin.

Hanci ba ma'auni ba ne. Bayan ɗan lokaci a cikin wari yana gajiya ya daina ji, sai mutum ya ce ya saba, alhali tururin yana nan ko ya ma ƙaru. Benzin kuma, wanda dokar aiki ta Amurka ta sa wa iyakar 1 kacal, kafin hanci ya ji shi an riga an wuce iyakar.

Mataki na biyu: a rage tun daga saye

Bangon ciki da silin ba sa bukatar fentin mai. A dokar Turai tun 2010, fentin ruwa mara ƙyalli na bangon ciki ba ya wuce giram 30 na waɗannan sinadarai a lita, na mai na ƙofofi da tagogi kuma an bar shi har giram 300. Ninki goma ke nan. A bar fentin mai ga ƙarfe da katako, su ma a cire ƙyauren a kai tsakar gida ƙarƙashin rumfa a shafa. Wasu gwangwanaye suna ɗauke da tambarin Faransa daga A+ zuwa C. Yana da amfani ga mai gida, amma a sani tururin da ke fita makonni huɗu bayan shafawa yake aunawa, ba na lokacin aiki ba.

A sirka da ma'auni, ba da ido ba. Ga buroshi da rola galibi kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne, wato rabin lita zuwa lita ɗaya a lita 10 na fenti, sai dai in takardar ta faɗi wani abu daban. Kada a sirka da fetur, komai arharsa. A zuba na aikin rabin awa a ƙaramin mazubi a mayar da murfi, domin buɗaɗɗen bokiti da tiren rola da aka bari a rana tururi suke yi ba tare da sun shafa ko taƙi ɗaya ba. Buroshi a jiƙa shi a gwangwani mai murfi, a bar daskararren ya kwanta, a tsiyaye na saman a sake amfani da shi.

Rola da buroshi sun fi feshi sauƙin haɗari nesa ba kusa ba. Tsohuwar bindigar feshi kimanin kashi ɗaya cikin uku na fentin take kaiwa jikin abin da ake fesawa, sauran ya bi iska. Irin mai rubutun HVLP, wadda matsin iskar bakinta ba ya wuce 0.7 a ma'aunin matsi na bar, tana kai kashi 65 ko fiye. Kuɗinta yana dawowa daga fentin da aka daina zubarwa.

Mataki na uku: iska

A nan aikin yake, kuma a nan aka fi kuskure. Buɗe taga ɗaya ba ya fitar da komai idan iska ba ta da mashiga da mafita. Fankar silin kuma juya tururin kawai take yi. Don a tsinka tururin lita ɗaya ta toluwin zuwa iyakar nan ta ppm 50, ana bukatar iska mita kubik 4,600, wato a sauya iskar ɗakin nan kusan sau ɗari. Idan za a yi amfani da litar cikin awa huɗu, ana bukatar 1,150 a kowace awa, kuma tun da iska ba ta gauraya daidai, a ninka wannan sau uku. Adadin da fanka ke turawa yana rubuce a jikinta ko a kwalinta. Doguwar mesa mai lanƙwasa tana rage shi sosai.

Ga yadda ake tsarawa. A buɗe ƙofa a gefe ɗaya, taga a gefen da ke fuskantarta. Idan fankar ta gida ce, a ajiye ta a bakin ƙofa daga waje tana turo iska mai tsabta ciki, don kada injinta ya zauna cikin tururi mai kamawa. Wadda aka ƙera ba ta tartsatsi ce kaɗai ake sa wa a bakin mafita tana zuƙowa. A rufe ƙofofin sauran ɗakuna, a duba cewa tagar mafita ba ta kallon madafa, ko ɗakin maƙwabci, ko inda leburori ke hutawa. A rataya ɗan siririn ƙyalle a tagar a ga ko yana kaɗawa waje. A kunna fanka kafin a buɗe gwangwani, ba bayan kai ya fara sarawa ba.

A fara shafawa daga ɓangaren mafita ana ja da baya zuwa ƙofa, ta yadda iska za ta riƙa zuwa daga bayan mai aiki ta kwashe tururin gaba. Tururin toluwin da na fetur ya fi iska nauyi kimanin sau uku, yana kwanciya a ƙasa, yana gangarawa rami da ƙarƙashin matakala. Mai manna leda ko kafet a durƙushe, da mai haɗa bututu a cikin rami, su ne hancinsu ke inda ya fi kauri, don haka a karkata fankar ƙasa-ƙasa.

Aikin mai a yi shi daga bayan sallar asuba zuwa hantsi. Idan an ɗauke wuta fanka ta tsaya, aiki ya tsaya: a rufe gwangwani a fita. Janareto yana zama a waje, nesa da taga. Bayan an gama, a bar fanka da tagogi, domin fenti yana ci gaba da fitar da tururi yana bushewa. Hazon feshi da ido ba ya gani yana iya kai minti 20 ko fiye a ɗakin feshi, saboda haka kada mai feshi ya ɗaga abin fuskarsa don duba kyan aiki da zarar ya saki kunamar bindiga. Kada mai gadi ko yaran shago su kwana a ginin da aka shafa wa fentin mai ranar, kuma a ba shi aƙalla kwana biyu zuwa uku a buɗe kafin iyali su shiga, musamman mai ciki, jariri, da mai asma.

Wuta

Toluwin yana kamawa tun daga digiri 4, fetur tun ƙasa da sifiri da nisa. Ko farin tina mai sanyin wari, wanda sai kusan digiri 40 yake kamawa, a bazararmu ya kai. Tururin yana rarrafe a ƙasa ya tarar da wuta a nesa, wutar ta biyo shi ta dawo gwangwani. Abubuwan da suka fi tayar da ita a shantiye sanannu ne: murhun shayi, taba, mai walda ko mai gurza ƙarfe a ɗakin kusa, makunnin lantarki, da wayar da aka cusa a soket ba filogi. A tsara aiki ta yadda walda da fenti ba za su haɗu rana ɗaya a gini ɗaya ba. A ajiye bokitin yashi ko tukunyar kashe gobara mai hoda a bakin ƙofa. Ruwa watsa wutar mai yake yi.

Duron da ba komai a ciki ya fi cikakke haɗari ga mai walda. Cokali ɗaya ko biyu na fetur da ya rage a duro mai lita 200 ya isa ya cika shi da tururi mai fashewa. A buɗe dukkan murafunsa, a wanke da ruwan sabulu, a cika shi da ruwa har kusa da inda za a yanka, kuma in da hali a yanka da kurfi ko almakashin ƙarfe maimakon wuta. Tsumman da ya sha mai ko barni a shanya shi a fili ɗaya-ɗaya, ko a nutsar da shi a gwangwanin ruwa mai murfi, domin wanda ya sha irin man da ke bushewa da iska yana iya yin zafi ya kama da kansa idan an tara shi.

Mataki na huɗu: takunkumi

Rawani, ƙyalle, takunkumin asibiti, da farin takunkumin ƙura ba sa tare tururi ko kaɗan. Ƙyallen da ya jiƙe da feshi ma ƙara shi yake yi. Abin da ke aiki shi ne takunkumin roba mai matatai biyu masu gawayi na musamman. A tsarin Turai a nemi harafin A da zane mai ruwan ƙasa, kuma ga feshi a haɗa da P mai farin zane, kamar A2P3. A tsarin Amurka launin matacin baƙi ne. Harafin A na sinadaran da ke tafasa sama da digiri 65 ne. Asiton, wato acétone, wanda ke tafasa ƙasa da haka, yana bukatar AX, wanda ake amfani da shi sau ɗaya a yar. Metanol da dikulorometan suna ratsa matacin A da sauri. Ga fentin mota mai haɗi biyu, kariyar da ta dace ita ce hular da ake turo wa iska mai tsabta ta mesa, domin isosiyanet ba ya ba da warin gargaɗi kafin ya yi illa.

Kowace safiya a gwada shi: a ɗaura, a toshe matatan da tafin hannu, a ja numfashi a riƙe daƙiƙa 10. Idan robar ta lotsa ta manne a fuska, ya zauna. Idan ta saki, iska tana shiga ta gefe. Gemu, ko na kwana biyu ne, yana hana robar kama fata. Wanda ya ajiye gemu don addininsa ba sai ya aske ba, amma kada ya yaudari kansa da wannan takunkumi: ya nemi hula mai turo iska, ko a ba shi aikin fentin ruwa da na fili.

Gawayin yana cika. Ba a wanke shi, ba a shanya shi a rana, ba a hure shi da kwamfuresa. A rubuta ranar buɗewa a jikinsa, a sa masa ranar canji bisa umarnin kamfanin da ya yi shi, kuma da zarar an ji wari ko ɗanɗano a ciki a fita a canza. Zafi da laimar damina suna gajarta kwanansa. Wanda aka buɗe ya yi wata shida a yar da shi ko ba a yi aiki da shi ba. Bayan aiki a sa shi a leda mai zif a rufe, domin idan an rataye shi a ƙusa cikin shago tururin shagon zai yi ta sha har gari ya waye. Ko sabo ne kuma ya zauna daidai, ana lissafin irin wannan takunkumi mai rufe hanci da baki kawai yana kare mutum ne har ninki goma na iyaka, wato 500 ga toluwin. A rufaffen ɗakin nan mai 4,800 ba zai wadatar ba.

Fata da ido

Wanke hannu da fetur ko tina bayan aiki al'ada ce da ta kamata a daina yau. Yana kwashe maiƙon fata, ta tsage, sinadarin ya ƙara samun hanya, benzin kuma yana ratsa fata. A shafa man gyaɗa ko wani man girki a murza, fentin zai saki, sannan a wanke da sabulu. Safar hannu ta auduga ko ta fata tana shan ruwan ta riƙe shi a jiki, ta robar latex kuma tana kumbura ta yage. Ta robar nitiril tana jure fetur da farin tina, amma toluwin da zailin suna ratsa siririyarta cikin mintoci, sai a canza da zarar ta jiƙe. Ga asiton da gam ɗin bututun roba, ta robar butil ce ta dace. A sa tabarau mai rufe gefe wajen zubawa da aikin sama da kai. Rigar da ta jiƙe a tuɓe ta nan take, a wanke ta daban da kayan yara. Kuma kada a zuƙo fetur da baki ta mesa; ɗan famfon hannu na roba ya wadatar.

Madara da ake sha bayan feshi abinci ce mai kyau, amma ba ta wanke komai. Ita ciki take shiga, tururin kuma tuni ya bi huhu ya shiga jini.

Tankin ruwa, rami da rijiya

Ƙarancin ruwa ya sa gidaje da yawa a Damagaram suna gina tankin ƙasa, kuma shafa masa maganin yoyo daga ciki shi ne aikin da ya fi kowanne haɗari a wannan jagora. Iska ta al'ada tana da iskar shaƙa kashi 20.9 cikin 100. Ƙasa da 19.5 ba a shiga. Matacin gawayi ba ya ƙara ta. A fara da neman maganin yoyo na siminti da ake kwaɓawa da ruwa, wanda aka yarda da shi ga ruwan sha. Idan dole sai mai sinadari, a zura mesar iska har ƙasan tankin tana turawa kafin a shiga da duk tsawon aikin, gwangwani ya zauna a sama ana miƙa kaɗan-kaɗan, mai shiga ya ɗaura igiya a ƙirji da kafaɗu, mutum biyu masu ƙarfi su tsaya a baki suna yi masa magana ba yankewa. Da amsarsa ta fara nauyi, a jawo shi. Idan ya faɗi kada kowa ya diro cetonsa, domin sau da yawa mai ceton ne gawa ta biyu. A jawo da igiya, a ƙara iska, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 18.

Alamomi da abin yi

Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, yawan dariya ko faɗa ba dalili, tangaɗi kamar mai maye, duk suna nufin a fita yanzu, ba bayan an ƙarasa bangon ba. Mai jiri a kan tsani faɗuwa ce ke jiransa. A kai shi inuwa mai iska, a zaunar da shi, kada a sa shi gudu ko a firgita shi, domin waɗannan sinadarai suna sa zuciya ta rikice idan jiki ya zabura. Wanda ya suma yana numfashi a kwantar da shi ta gefe a tafi asibiti. Ido a wanke shi da ruwa mai tsabta minti 15 ba tsayawa. Wanda ya haɗiye kada a sa shi amai, kada a ɗura masa madara ko manja, domin ɗigon da ya koma huhu shi ne ke kisa. A tafi da gwangwanin ko hotonsa. Wanda ya sha abin da ake zargin yana da metanol a kai shi ko yana cewa lafiyarsa lau, illar takan jinkirta awoyi.

Na sannu a hankali sun fi wuyar ganewa. Badukun da tafin ƙafafunsa biyu suka fara mutuwa ko yake jin kamar tururuwa na bin su, har takalmi ya zame bai sani ba, ya yi zargin gam. Cutar takan ci gaba na wasu watanni ko an daina, saboda haka jira ba shi da amfani. Mai feshin da tari da shaƙewa ke tashinsa da dare, ya ji sauƙi idan ya yi kwanaki bai je gareji ba, asmar aiki ce ke farawa, kuma da zarar ta kama ko ɗan kaɗan yana tayar da ita. Mantuwa, saurin fushi da rashin barci bayan shekaru a fentin mai ba tsufa ba ne kullum. Kasala, ɗashewa, zubar jini daga dasashi, ko zazzaɓi mai yawan dawowa ga mai mu'amala da fetur suna bukatar gwajin ƙwayoyin jini da ake kira NFS, wanda ake yi a babban asibitin ƙasa na Damagaram. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta sa sana'ar fenti kanta cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji tun 1989. A gaya wa likita sana'ar tun kafin ya tambaya, in ba haka ba zai iya ɗaukar ciwon kan a matsayin zazzaɓin cizon sauro ko hawan jini.

Ajiya, yaran shago, da alhakin maigida

A ajiye kaya a inuwa mai iska, a rufe, nesa da inda ake kwana da inda ake girki. Kada a zuba tina a robar ruwa ko ta lemo, yaro mai ƙishi ba ya tambaya. Jarka ko duron da ya taɓa ɗaukar tina, gam ko fetur ba ya komawa na ruwan sha ko na hatsi, komai wankin da aka yi masa, domin roba tana shan sinadarin tana sakinsa a hankali. A huda gindinsa kafin a yar, don kada wani ya tsinta ya kai gida. Ragowar ruwan kada a tuttular a kwata ko kusa da rijiya.

Ayyukan da suka fi tururi, wato wanke bindiga, sirka fenti, shafa gam da yatsa, shiga rami, galibi yaran shago ake bar wa, su da jikinsu bai gama ginuwa ba kuma ba sa iya cewa a'a. Nijar ta amince da yarjejeniya ta 182 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 2000, wadda ta hana sa wanda bai kai shekara 18 ba aiki mai haɗari ga lafiya. Maigida ya riƙe makullin gam da sholisho a hannunsa, ya lura da yaron da ya fara son zama kusa da gwangwani. Mace mai ciki da ke aikin fata ko ƙawata ɗaki a ɗauke ta daga gam da tina har ta haihu.

Dokar aiki mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki kare lafiyar ma'aikatansa, saboda haka kuɗin fanka, matatai da safar hannu a sa su cikin farashin kwangila tun ranar ciniki, kamar yadda ake sa kuɗin rola. Ma'aikacin da aka yi wa rajista a CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, yana iya neman haƙƙinsa idan cutar ta aiki ce, amma sai da shaida. A ajiye ɗan littafi a shago: kwanan wata, wurin aiki, sunan kayan da aka yi amfani da su da yawansu, wanda ya yi aikin, awa nawa, ranar da aka canza mataci, da duk wanda ya yi ƙorafin ciwon kai ko jiri. Shi za a miƙa wa likita ko jami'in sa ido kan aiki idan an tambayi abin da mutumin ya shaƙa shekara biyar da suka wuce.